Lasar Tunkuza

Ina tsaye a kan turmi da hantsi, man gyada ya fara tasowa kenan, sai na ji Husna tana goga bakinta a bayana. Uwa ta san gogar barci, ta san ta yunwa. Wannan ba ko ɗaya ba ce. Murza fuskarta take yi a rigata da ƙarfi, kamar mai son ta kankare wani abu. Duk mai ƙuli ta san ba a barin turmi a daidai wannan gaɓar, don in kwaɓin ya huce sai ya shanye man da ya fito, ki wuni kina juyi a banza. Na bar shi. Na kwance zane na juyo da ita, sai na ga gefen bakinta da haɓarta sun yi ja, sun tashi rudu-rudu kamar wadda sauro ya yi wa taron dangi.

Sunana Hadiza, 'yar Yammedi ce ni, aure ya kai ni Rogo. Man gyada da ƙuli-ƙuli na tashi na tarar ana yi a gidanmu, a hannun mahaifiyata, Inna, na koya. Abin da ya sa nake wannan rubutu, 'yan matan layinmu ne. Tun da na kife turmina suke zuwa wai in nuna musu, suna cewa ai ba wani abu ba ne: a soya, a niƙa, a matse. Ni kuma ba zan iya nuna musu da hannu ba, gyada ba ta shiga gidana yanzu. To ga shi da baki, ku ji yadda ake yi, ku kuma ji yadda aka yi na bari.

Suya ita ce farkon wahala. Za ki zuba rairayi mai tsabta a kasko ya yi zafi, sannan ki zuba gyadar ki yi ta juyawa, hayaƙi na shiga idonki, ba halin ki juya baya. Inna ba da ido take duba gyada ba, da hanci take dubawa. Tana can tana shara za ta ɗago ta ce, "Hadiza, sauke, ta yi." Na sha yi mata gardama ina cewa da saura, in sauke in tarar ta fara ɗaci. In ba ta soyu ba, mai ba zai fito ba. In ta zarce, man ya yi baƙi, ƙulin ya yi ɗaci, mai saye ya tofar a gabanki. Tsakanin biyun nan ba nisa, kamar tsakanin kiran salla da iƙama. Sai da na shiga sakandare kafin Inna ta yarda ta bar mini kasko ni kaɗai. Daga nan a murje, a sheƙe jan ɓawon a faifai, a ɗauka sai wurin mai inji. Shi ma sai kin yi sammako, don in masu tattasai suka riga ki, ranar manki yaji zai yi.

Juyi kuwa shi ne sana'ar. Ki juye markaɗen a turmi, ki riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan kina juya taɓarya, kafaɗunki na ciwo. Da farko turmin shiru yake, nauyi kawai. Can sai ya sauya murya, ya fara wani ɗan tsotso, kwaɓin ya haɗe jikinsa, man ya fara zubo masa ta gefe yana sheƙi. Ruwa ya yi yawa, kin kashe shi. Ya yi kaɗan, ya ƙi sakin man. Ba wanda zai auna miki, sai kunnenki. In kin kwashe man da ludayi kin matse saura, abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a yi zobe ko dunƙule a toya a cikin man nata. A gidanmu, kafin a jefa na farko a kasko, sai a dangwalo tunkuza da ɗan yatsa a lasa wa ƙaramin gidan. Inna takan ce ɗan mai ƙuli da tunkuza yake buɗe baki. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ƙannena. Ni ma da Husna ta fara rarrafe tana kai abu baki, haka na fara yi mata. Safiyar nan da nake ba ku labari, na lasa mata daga turmin farko kafin in goya ta in hau na biyu.

Kafin azahar kumburin ya sace, kamar ba a yi ba. Matan gida suka taru, kowa da nata. Wata ta ce zafi ne, wata ta ce haƙori ne zai fito. Maƙwabciyarmu ta leƙa ta ce borin jini ne, kowane yaro yana yi. Na kira Inna a waya.

"Ke dai akwai ki da tsoro," in ji ta. "Kina zaune a kan magani kina nema? Ɗebo man da kika matse yau, sabo, ki shafe ta da shi. Da shi na raine ku duka, wa ya taɓa ganin ƙurji a jikinku?"

Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya taɓa gani. Na riƙa shafe ta bayan wanka, safe da yamma. Fatar ta fara bushewa, bayan gwiwa da wuya suka yi kirci, tana sosawa har sai ta fitar da jini. Rudu-rudun nan kuma ya riƙa zuwa yana tafiya. Da na ga fatar na ƙara bushewa sai in ƙara mai.

Duk da haka ban fasa aiki ba, don masu saye ba su san da wannan ba. Akwai Malam Ɗanlami mai tsire, shi ne babban mai ɗaukar ƙulina, da shi yake haɗa yajinsa. Daga soro yake tsayawa ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum! Uwar Husna, yau na yaji aka yi ko na fasa haƙori?"

"Malam, wanda ya rage maka a bakin ai ba ya bukatar taimakona."

"To Allah ya shirye ki. Miƙo, wuta na jirana."

Masu ƙosai su aiko da kwalabe, masu kwaɗon rama su zo neman gari-garin da ya farfashe a ƙasan kasko. Ranar kasuwa matan rugage su biyo da ƙoransu, su ajiye nono su ɗauki mai. Kowa da irin nasa: mai tsire yana son wanda ya bushe ƙarau don ya daku, tsofaffi suna son mai taushi. Ina 'yar makaranta 'yan ajinmu sukan toshe hanci su ce ga Ƙuli nan ta shigo, in koma gida in yi ta dirza hijabina da sabulu. Yanzu in iska ta kwaso ƙamshin suya daga wata unguwa, tsayawa nake a tsakar gida har ya wuce.

Da can in an ce mummunar shekara, wadda ruwa ya ɗauke da wuri nake tunawa, ina budurwa. Gyada ta yi holoƙo, ki fasa kwanso ki tarar da iska. Wadda ta samu ma ƙanana ce, a yamutse, ki juya har hannunki ya mutu man bai rufe gindin ludayi ba. Mata da yawa a Yammedi suka koma dakau. Inna ta ƙi. Ko mudu ɗaya ta samu sai ta hura wuta, wai kada turmi ya manta da ita. Na ɗauka ba za a yi wadda ta fi wannan ba. Ashe tawa mummunar shekarar da rumbu cike za ta same ni.

Da kircin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Baban Husna, maigidana, ya ce mu je asibiti. Malamar da ta duba ta mai kirki ce, ta juya ta gaba da baya, ta ce wani lokaci abinci ne jikin yaro ba ya karɓa.

"Me take ci?"

Na lissafa mata. Tana shan mama, tana shan kokon gero. Ɗan tuwo da miya. Nonon shanu in an kawo, ƙwai jefi-jefi, kifi ran da babanta ya sayo.

"Shi kenan? Ki tuna da kyau."

"Shi kenan, malama."

Wallahi ba ɓoyewa na yi ba. Ci ta tambaye ni, na faɗa mata abin da ake zubawa a kwano a ba yarinya. Tunkuza ba a kwano take ba, a ɗan yatsa take. Mai kuwa na shafawa ne, wanda ke cikin miya ma wa yake lissafa shi? Kamar a tambaye ki me kika ci ki ce gishiri. Ta ba mu maganin ƙaiƙayi, ta ce in janye nonon shanu tukuna in gani, in bai yi ba in janye ƙwai, sannan kifi, kada in haɗa su lokaci guda don a gane mai laifin. Na bi yadda ta ce. Na janye nono, ba sauyi. Na janye ƙwai, na janye kifi. Na sauya sabulu, na daina sa mata rigar leda. Yarinya ta fara ramewa, wuyanta ya fito, ƙurji na nan.

Ana cikin haka ƙanwar maigidana da ke aure a Unguwar Hajji, cikin Karaye, ta kwanta rashin lafiya, aka ce in je in zauna da ita. Su da manja suke girki, ni kuma garin sauri na manta kwalbar man shafawar Husna, sai na riƙa shafa mata man kaɗanyar da na tarar a ɗakin. Kafin mu baro gidan fatar yarinyar nan ta kwanta luf. Ta daina susa, tana barci, tana dariya har da kyakyatawa. Na dawo Rogo da murna, na hura wuta, don Malam Ɗanlami ya yi ta aike. Ba a jima ba abu ya dawo sabo.

Kun ga a nan ya kamata mu gane. To ba mu gane ba. Muka zauna da Baban Husna muna lissafin abin da ya bambanta can da nan, ya buga cinya ya ce, "Ruwa ne! Su famfo suke sha, mu rijiya." Ya koma ɗauko mata ruwan burtsatse a jarka daga wata unguwa, a bayan babur, kullum. Wasu suka ce a bincika gidan, ko an taka wani abu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. An zargi rijiya, an zargi shanun mutane, an zargi iska. Turmi na tsakar gida a tsaye, ba wanda ya kalle shi. Wa zai zargi abin da ya ciyar da shi?

Inna ce ta gaji da ji a waya, ta ce in kawo mata ita Yammedi. Da ta gan ta sai da ta yi salati.

"Wannan ai yunwa ce kuke kashe mini ƙawa da ita! An hana ta nono, an hana ta ƙwai, to iska za ta ci? Zo nan, ƙawata, rabu da 'yan boko."

Washegari da safe ta dama kunun gyada, mai kauri, irin wanda take yi wa mai jego da wanda ya tashi daga ciwo. Ta zaɓo gyadar da hannunta, ta sa tsamiya, ta tace shi sau biyu. Husna ba ta taɓa sha ba, koko kawai na saba ba ta. Inna ta ɗora ta a cinya tana ba ta da ƙaramin ludayi, tana yi mata waƙa, yarinya na karɓa tana lashe baki. Ina gefe ina jin daɗi, rabon da in ga ta karɓi abu haka har na manta.

Ba ta shanye ba ta fara tari. Inna ta ce ƙwarewa ce, ta bubbuga bayanta. Sai amai. Na ɗago ta, na ga leɓunanta sun kumbura, idanunta sun fara rufewa, rudu-rudun nan ya bi wuya ya bi ciki. Ta buɗe baki za ta yi kuka, kukan bai fito ba, sai wani siririn fito a maƙogwaro duk lokacin da ta ja numfashi. Wannan ƙarar ce har yanzu take tashe ni in ina zaune.

Ban san yadda na fita ba, ko takalmi ban sa ba. Wani maƙwabcin su Inna na fitowa da babur zai tafi gona, ya ga fuskata bai tambayi komai ba, ya jefar da fartanya ya ce mu hau. Ni a tsakiya da Husna, Inna a baya ta riƙe ni tana ta Hasbunallahu. A hanyar Karaye jikin yarinyar ya saki, kanta na lilo a hannuna. Na riƙa kiran sunanta a kunnenta, ina cewa ga Baba can, ga Baba can.

A asibiti wata nas babba ta fizge ta daga hannuna tun daga baranda, ta ƙwala wa likita kira. Aka yi mata allura a cinya, aka sa mata abin numfashi a fuska, aka ce mu ja baya. Na tsaya jikin bango ina kallon ƙirjinta. A hankali fiton nan ya fara raguwa. Can ta tsala kuka, kuka sosai mai ƙarfi, nas ɗin ta ce, "Yawwa, yi abinki."

Sannan likita ya juyo gare mu ya tambayi abin da ta ci. Na ce kunun gyada. Ya gyaɗa kai ya ce ga dukkan alamu shi ne.

"Amma likita, yau ta fara cin gyada," na ce. "Ƙurajen kuwa sun daɗe. An janye nono, an janye ƙwai, ba su tafi ba."

Nas ɗin na gyara wa Husna hannu, ba ta ko ɗago ba ta ce, "'Yata, sana'ar me kike yi? Tun da na karɓi yarinyar nan nake jin ƙamshi a zanen goyonta."

"Ƙuli nake yi, da mai."

"Kuma ba ta taɓa kai shi baki ba?"

"A'a. Sai dai lasa."

"Lasa?"

"Tunkuza, a ɗan yatsa. Ai ba ci ba ne."

Likita ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mu ne muka san bambancin ci da lasa. Jikinta bai sani ba." Ya tambayi abin da nake shafa mata, na faɗa. Ya tambayi man miyarmu, na faɗa. Ya tambaya ko ta taɓa samun sauƙi, na ba shi labarin Unguwar Hajji, ina cikin faɗa ina jin amsar da kaina. Ya ce zai tura mu Kano a yi gwaji a tabbatar, amma kada mu kuskura mu gwada a gida ko da ƙwayar gyada ɗaya, don na gaba zai iya fin wannan. Ya ce ba kowane ƙurji ne na abinci ba, amma wanda ya tashi jim kaɗan bayan an ci abu, ya zo da kumburin baki ko amai ko sauyin numfashi, ba a jira da shi, ba a shafa masa komai, asibiti ake nufa.

Sai a nan Inna ta matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Likita, in an daina ba ta, an daina shafa mata, uwar ai za ta iya aikinta ko? Ko a bayan gida ne?"

"Mama, man yana hannu, yana zane, yana kwano. Yarinya mai rarrafe kuma komai ta samu baki take kaiwa. Ni dai ba zan ce muku babu komai ba."

"In ta girma fa?"

"Wasu abin yana barinsu, da yawa ba ya bari. Ba zan yi miki alkawari ba."

Ya ce sai mun zauna an ga yadda za ta wuni, don wani lokaci abin yakan lafa ya sake tasowa. Baban Husna ya iso daga Rogo, rigarsa duk ƙasar gona. Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya ce, "Ni da nake ta jidar ruwa." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya ce gyadar da ke rumbu zai kai kasuwa, baɗi kuma dawa zai zuba a gonar. Saura turmi. Mun san inda maganar ta tsaya.

Muka zauna. Aka kira azahar, muka yi salla bi da bi don kada a bar ta. Duk numfashin da ta ja sai na kasa kunne. Kumburin idon ya riƙa sacewa har na fara ganin ƙwayar idonta. Inna na bakin ƙofa a kan tabarma, ta ƙi shigowa ciki, carbi a hannunta amma ba ja take ba.

Bayan la'asar likita ya dawo. Ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya sa a bayanta, ya buɗe bakinta ya duba. Husna ta kama igiyar abin tana ja. Ya bar mata ta ja, ya dube ni ya ce, "Maman Husna, kwantar da hankalinki. Ta fita daga haɗari."

Inna ta ji daga ƙofa, ta miƙe ta shigo. Husna na ganinta ta saki igiyar, ta ɗaga hannu biyu tana zillo a ɗauke ta. Inna ta miƙa nata hannuwan, har sun kusa kaiwa, sai ta tsaya. Ta juya tafukanta ta kalla, ta kai su hanci. Ta mayar da su baya ta riƙe.

"'Yar nan," ta ce da nas ɗin, "ina famfonku? A taimaka mini da sabulu."

Husna ta fashe da kuka ganin ta juya. Inna na tafiya tana waiwaye.

"Yi haƙuri, ƙawata. Bari in wanko, yanzu zan zo."